Musayar Firiji

Rana ɗaya aka kawo mana su, a mota ɗaya, ni da taubashina. Firiji biyu farare masu aiki da kananzir, kamar tagwaye, har lambar da ke bayansu bi da bi take. Na fara da wannan ne don na daɗe ina rantsuwa cewa nasa ya fi nawa tun daga kamfani, kuma na sami masu gaskata ni.

A lokacin ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba, ƙasar Gumel tana cikin jihar Kano. Mu biyun malaman ɗakin shan magani ne, irin waɗanda mutanen ƙauye ke kira likita, mu kuma ba ma gyara musu. Shi ɗan ƙanwar mahaifina ne. Gida ɗaya muka tashi, makaranta ɗaya muka yi, kuma ko'ina ni ne a gaba. Da aka zo rabon wurin aiki sai aka ba ni sabon gini a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha, bulo da siminti, rufin kwano, taga mai gilashi. Shi kuwa aka tura shi gaba da Ɗanzomo, a ƙasar Sule Tankarkar, aka ba shi wani tsohon soron ƙasa da aka aro. Bango kamar na ganuwa, 'yar taga can sama wadda ko kan mutum ba ya shiga. Na je na gani, na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa rumbu aka ba shi, ya jira kaka a zo a zuba masa gero. Ya ce to, in na ji yunwa in zo.

Firijin nan na ajiye maganin allurar riga-kafin ƙyanda ne. 'Yan ƙananan kwalabe ne, in suka sha zafi sun mutu, ko da ido bai ga wani canji ba. A ƙasan firijin akwai tanki da lagwani kamar na fitila. A kunna, wutar ta dumama wasu ƙarafa a bayansa, hayaƙi ya bi wani siririn bututu ya fita ta sama, sai sanyi ya sauka a ciki. Har yau ban gama gane yadda wuta ke haifar da sanyi ba, amma a lokacin in an tambaye ni nakan yi bayani mai tsawo. Kowannenmu garwa ɗaya ta kananzir ake ba shi duk wata. Da ita za ka riƙe wutar nan dare da rana har wata garwar ta iso.

Tawa ba ta taɓa kai wata ba. Kafin sati na uku ya ƙare ina karkata garwa ina kaɗawa. Sai in shiga aro a gidaje, ko in zuba na fitilar matata, ta kwana tana mita. Ga shi kuma sanyin firijin nawa ba wani na a zo a gani ba ne. Akwai ma'aunin sanyi da ke rataye a ciki, mai alamar inda ake so ya tsaya, nawa kullum a bakin iyaka yake, da rana tsaka ma yakan tsallake.

Muna da babba da ke zagayen duba mu daga Gumel, wani dattijo mai ƙarancin magana, Sufeto muke ce masa. Yakan fara ta wajen taubashina ya ƙare a wajena. Shi ya fara cusa mini abin. Ya buɗe firijina ya duba ma'auni, ya rufe, ya ce, "Ɗan'uwanka har da ragowa yake yi. Wancan watan kwalba biyu ya rage. Kuma nasa har ƙanƙara yake yi." Na ce madalla. A raina kuwa kamar an watsa mini barkono. Wannan da nake yi wa lissafi a aji, shi ne yau ake kawo mini labarinsa a matsayin abin koyi.

Sai dai akwai abin da nake da shi wanda ba shi da shi, kuma da shi nake lallashin kaina. Ni mutanen garina suna so na. A duk faɗin yankin, in ka ɗebe tashar jirgi, babu inda ake samun ruwan sanyi sai wurina. Mai gari ne ya fara. Wata rana da bazara ya shigo yana fifita da hula, ya ce, "Likita, an ce akwatin nan naka ruwa yake mayarwa kamar na sanyin hunturu." Wa zai hana mai gari ruwa? Wa ma zai hana kowa ruwa a ƙasarmu? Na sa masa kwalba ɗaya. Washegari ya dawo da liman. Kafin wata biyu kwalabe takwas ke kwana a ciki, kowace da mai ita, har da ƙwaryar furar mai gari. Direbobin da ke ɗaukar gyaɗa zuwa tasha sukan tsaya, baƙon da ya sauka a gari wurina ake kawo shi. Ƙofar firijin nan takan buɗu sau ashirin kafin la'asar. Ni kuma ina zaune a kan kujera ina karɓar godiya, ana sa mini albarka, ana cewa ba a taɓa kawo musu ma'aikaci mai hannu a sake kamata ba.

Matata ma ta yi nata. Ta saƙa wa firijin mayafi mai ado ta lulluɓe samansa har ya sauko baya, ta jera kwanonin sha a kai. Na tura shi lungun yamma na manna shi da bango, inda duk wanda ya leƙo ta ƙofa shi zai fara gani. Ranar da Sufeto zai zo kuwa na san ta, kuma ƙarar motar ofis tun daga nesa ake ji. Kafin ya tsaya na kwashe kwalabe, na yaye mayafi.

Ana cikin haka Sufeto ya zo da labarin da ya hana ni sukuni. Za a buɗe babban ma'ajin maganin riga-kafi a Gumel, da firiji manya, daga nan za a riƙa raba wa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ana neman mutum ɗaya da zai riƙe wurin, za a ba shi babur na zagaye. Tsakanina da taubashina za a zaɓa, don mu kaɗai muka taɓa riƙe firiji. A firijinmu biyu na ƙauye kuma ɗaya za a bari, a ɗauke ɗaya. Na so wurin nan kamar in yi kuka. Mahaifiyata tana Gumel, 'ya'yana sun isa makaranta, kuma na riga na ga kaina a kan babur ina ratsa kasuwa ana ɗaga mini hannu. Abin da ya fi duk wannan, ba na iya tunanin a ce taubashina ne a kan babur ɗin.

Na fara da zargi. Na ce ba yadda za a yi garwa ɗaya ta ishe shi, lallai yana ƙarawa a ɓoye. Wata Alhamis na hau keke na tafi kasuwar Maigatari, na bi masu sayar da kananzir ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta shi, dogo, siriri, mai wushirya. Wani Badamagare ya ce ya san shi, ai shi ya yi wa ɗansa allura, amma bai taɓa sayen ko kwalba ɗaya a wurinsa ba. Ya ƙara da cewa in gaishe shi. Na dawo da ciwon cinya da baƙin ciki.

Sai na ce bari in je in gani da idona. Na kwana a Ɗanzomo wurin wani ɗan'uwa, na isa ƙauyensa da hantsi ban aika ba. Na tarar da shi a durƙushe gaban firiji, ya zaro tanki, yana aske kan lagwani da reza a hankali kamar wanzami.

"A'a, ɗan birni," ya ce. "Yunwar ce ta koro ka?"

"Wucewa nake yi."

"Ai kuwa ka yi ratse mai nisa. Zauna, in gama da maigidana."

Na zauna. Abin da na fara ji shi ne sanyin ɗakin. A waje rana ta fara cizo, a nan kuwa kamar ka shiga gindin rijiya. Firijin yana tsakiyar bangon arewa, ya bar masa fili a baya ya fi taƙi ɗaya. Ba mayafi, ba kwano, sai wani faranti da ɗan ruwa a ciki a samansa. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce da shi yake gane ko firijin ya karkata, in ruwan ya taru gefe guda sai ya cusa ɓallin katako a ƙarƙashin ƙafar, don in bai zauna daidai ba abin da ke zagayawa a bayansa ba ya tafiya. Ya tace kananzir da wani tsumma mai tsabta kafin ya zuba. Ya zura dogon burushi a bututun hayaƙi ya fito da 'yar kunkunniya, ya ce duk sati yake yi. Nawa burushin tuni matata ta mayar da shi na wanke kwalabe. Da ya kunna, ya yi ta rage lagwani har wutar ta koma 'yar mitsitsiya, shuɗiya, ba ta motsi.

"Wannan 'yar wutar?" na ce. "Ni tawa ta ninka ta uku."

"Ja ce ko?"

"Wuta ai ja ce."

"Ita ke shanye maka kananzir, ta toshe maka bututu. Rage ta."

Ina nan zaune wani dattijo ya yi sallama yana neman ruwa. Na gyara zama in ga yadda zai yi. Ya tashi ya fita da shi gindin darbejiya, inda ya binne randa rabi a cikin yashi mai laima, ya ɗebo masa a moɗa. Dattijon ya sha, ya leƙo ɗakin ya harari firijin, ya ce da ni, "Ɗan'uwan nan naka ko Sarki ne ya zo ba zai buɗe akwatin nan ba." Bayan ya tafi taubashina ya ce sau biyu yake buɗewa a rana, safe da yamma, kuma ya san marowaci suke ce masa a gari. Ya faɗa yana dariya. Na ji daɗin wannan kalma ta marowaci, na riƙe ta na tafi da ita gida.

Da zai raka ni ya ce, "Ka raba firijinka da bangon yamma, rana tana kwana a jikin bulon nan. In ba za ka iya ba, kafa rumfar zana ta waje ta tare ranar. Ka sa a shimfiɗa kara a kan kwanon. Ni ma nan duk shekara sai na sa an yi wa rufin yaɓe kafin ruwa ya sauka, shi ya sa ka ji shi haka."

"In sa zana a ginin gwamnati?" na ce. "In mayar da shi bukkar mai gadin gona?"

"To, bar shi ya yi kyau."

Duk abin da ya faɗa na ji, kuma a can ƙasan raina na san gaskiya ne. Amma in na bi, na yarda ke nan shi ya koya mini. Kuma me zan ce wa mai gari ranar da ya miƙo hannu na nuna masa randa? Kafin in kai gida na riga na samo wa kaina wata hujja. Firijinsa ne mai kyau. Ranar da aka kawo su shi ya fara saukewa, ya zaɓi na kirki ya bar mini gurgu.

Na yi ta faɗin haka har ni kaina na yarda. Na faɗa wa matata, na faɗa wa mai gari, ya ce ai kuwa biri ya yi kama da mutum a wannan magana. Da Sufeto ya zo na tsare shi a bakin mota.

"Ranka ya daɗe, ba a yi mini adalci ba. Za a auna mu alhali kayan aikinmu ba ɗaya ba ne. A ba ni nasa a ba shi nawa, wata biyu kawai, a ga yadda za ta kaya."

Ya ce, "Kai ka nema?"

"Ni na nema."

"In ɗan'uwanka ya yarda, ni ba ni da ta cewa."

Na zaci zai ƙi, na ma shirya abin da zan ce in ya ƙi. Sai ya aiko cewa in turo amalanke. Muka bari aka gama zagayen allura, firiji biyun suka zama ba magani a ciki, aka ɗora nawa a amalanken shanu aka tafi da shi, aka dawo da nasa. Mai amalanken ne ya kawo mini labarin abin da ya gani. Wai suna sauke nawa ya leƙa bututu ya yi salati, ya fito da kunkunniya cikin tafi biyu. Sannan ya sa aka kifa firijin, kai a ƙasa ƙafafu a sama, ya ce a bar shi haka har gobe don abin da ya daskare a bayansa ya warware. Na yi dariya na baza labarin a gari, na ce taubashina ya zautu, yana koya wa firiji tsayuwa da ka.

Nasa kuwa da ya zo hannuna, kwana uku na farko har ƙanƙara ya yi mini. Na ɓalle ta na aika wa mai gari a kwano. Jama'a suka cika ɗakin, kowa yana so ya taɓa. Na ce kun gani ko, ga gaskiyata ta fito. Kwalabe suka ƙaru zuwa goma sha biyu. Na mayar da shi lungun yamma don nan ya fi kyau, mayafi ya koma samansa. A sati na biyu ƙanƙara ta daina. Na ƙara lagwani. A sati na uku na ƙara kuma, har bangon bayansa ya fara baƙi. Kafin wata ya cika ina karkata garwa ina kaɗawa kamar da.

Ban tambayi labarin nawa na can ba. Ba sai na tambaya ba, masu zuwa kasuwa suna kawowa. Wai tun sati na farko ya warke.

Sufeto bai zo ranar da ya saba ba, kuma bai zo da motar ofis ba. Motar gyaɗa ya biyo ya sauka a bakin hanya ya tako da ƙafa, ana gab da azahar, lokacin da kwanon rufin ke ƙara don zafi. Ina zaune da mai gari da wasu mutum uku, kowa da kwalba a hannu. Ya yi sallama, ya gaisa da mai gari yadda ya kamata, ya wuce wurin firiji. Ya ɗaga mayafin ya ga bakin bututu a rufe. Ya sa hannu a bangon baya ya janye. Ya durƙusa ya kalli jar wutar. Sannan ya buɗe, ya fito da ƙwaryar fura ya miƙa wa mai gari da hannu biyu, ya ciro ma'auni ya duba, ya nuna mini. Sabon maganin da aka kawo bayan musayar ya kwashe ya zuba a jakarsa, ya ce ba za a yi wa ɗan kowa allura da shi ba.

A waje, inda ba mai ji, ya ce, "Da ba ka nemi musayar nan ba, da har yanzu ina shakka. Na ɗauka ginin ne kaɗai, na ma fara tunanin kai za a ba, don ka fi shi takarda. Kai ka raba mini gardama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutane ne. Ba a hana mutum ruwa."

"Ba a hanawa," ya ce. "Shi ma bai hana ba."

Bayan sati uku takarda ta fito. Taubashina ya koma Gumel, firijin soro ya zauna inda yake, nawa za a ɗauke. Ban je yi masa murna ba. Mahaifiyata ta aiko sau biyu, na ce aiki ya yi mini yawa. Na yi kwanaki, in na tuna shi a kan babur sai raina ya ɓaci. Ba wai ina ganin an zalunce ni ba, wannan ya wuce. Hassada ce tsagwaronta, kuma na san sunanta tun a lokacin.

Shi da kansa aka turo ɗaukar firijin, don yanzu aikinsa ne. Ya zo da hantsi a kan sabon babur, amalanke na biye da shi a baya. Garin ya fito kallo. Ya sauka ya gaishe ni, na amsa ina kallon tayar babur. Muka shiga ciki, ya kashe wutar, ya zare tanki, ya naɗe mayafin matata da kyau ya ajiye a kan tebur. Na yi ta jira ya tsokane ni. Tun muna yara bai taɓa barin irin wannan dama ta wuce shi ba, kuma da ya yi, da na rama, da mun yi dariya an wuce wurin. Sai kawai ya ɗauko igiya ya fara ɗaure firijin.

Mai gari ya shigo da sandarsa, ya miƙa masa hannu, ya yi masa barka da ƙarin girma. Ya dafa firijin, shi da ya shekara biyu yana shan ruwa da fura daga irinsa, ya juya ya ce da taubashina, "Gara da kuka zo kuka ɗauka. Ai mu nan mun daɗe muna faɗa a tsakaninmu, injin nan ya fi ƙarfin likitanmu. Mutumin kirki ne, amma ba shi da tsari."

Mutanen da ke bakin ƙofa suka ce haka ne, wallahi haka ne. Taubashina ya sunkuyar da kai yana ɗaure igiya, kamar bai ji ba.

"Kama can," ya ce mini a hankali.

Na kama ta wajen ƙarafan, inda ya fi nauyi, muka fitar da shi.